Yadda za ka tsara atisayen jita kullum a Jidda

Ɗan'uwa mai koyon jita shi kaɗai a ɗaki, bi wannan tsari.

1. Fara saita tsirkiyoyin nan shida. Manhajar saita jita ta waya ta wadatar: sunayen sautukansu daga mai kauri zuwa siririya, E, A, D, G, B, E. Kada ka tsallake, domin zafin Jidda da sanyin na'urar sanyaya ɗaki suna gotar da saiti, kuma jita mara saiti kunne take ɓatawa.

2. Yanke faratan hannun dannawa.

3. Danna da kan yatsa, dab da ƙarfen da ke gicciye a wuyan jitar, ba a kansa ba. Kaɗa tsirkiya ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta dushe, gyara zaman yatsan, ba ƙarfi za ka ƙara ba. Nan yawancin 'yan koyo ke karaya.

4. Riƙa sauyawa tsakanin Em da G (salo biyu na danna tsirkiyoyi a kaɗa su tare, wato chords), a hankali sosai.

5. Minti 15 kullum ya fi awa 3 ranar Juma'a. Yatsu za su yi zafi kafin su yi kanta, amma in wuyan hannu ne ke ciwo, dakata.

6. Goge tsirkiyoyin da busasshen ƙyalle, don gumi da danshin teku na sa tsatsa. Kada ka bar jitar cikin mota da rana.