Kurakuran da ake yawan yi idan makaɗa za su raka gajeren fim da kiɗa

Kafin fim ya fara magana a wajajen 1927, makaɗi ne ke zama a gindin allo yana bin hoto da fiyano, a manyan gidajen kallo kuwa ƙungiya guda ce ta makaɗa. Masu shirya gajerun finafinai da aljihunsu suna komawa ga wannan hanya: a tsara sabon kiɗa don fim ɗin kaɗai, makaɗa su buga shi da hannu a gaban 'yan kallo, ko a ɗauke shi a situdiyo suna kallon hoton. Mu da kunnenmu ya saba da fiyanon Kannywood, jin goge ko gurmi na gaske yana tafiya tare da labari abu ne mai ratsa jiki. Sai dai aikin na saurin lalacewa, kuma yawanci ba daga makaɗin matsalar take fitowa ba. Daga mai fim take, wanda ya ɗauki kiɗa a matsayin kwalliyar ƙarshe.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne zaɓen kayan kiɗa don daɗin sautinsa kawai. A ƙasar Hausa kowane abin kiɗa yana da gidansu. Kakaki da tambari na sarauta ne. Kotso na mawaƙan fada ne irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo. Kalangu tun asali da mahauta aka san shi, duk da cewa ya zama na kowa a wajen biki. Garaya tana tuna wa mutane maharba da 'yan bori, gangar noma tana tuna gayya, shantu da kiɗan ƙwarya na mata ne a cikin gida, sarewa kuma makiyayi take kawowa a zuciya. Baturen da ke kallo a wani bikin finafinai ba zai ji bambanci ba, amma Bahaushe zai ji. Ka sa garaya a ƙarƙashin fitowar da uwa ke jinyar ɗanta, wasu za su ɗauka kana nufin iskoki ne suka taɓa yaron, alhali zazzaɓi ne a labarinka. Ka busa algaita lokacin da ɗan acaɓa ke shiga gida, ka naɗa masa rawanin da ba ka yi niyya ba.

Abin ya fi tsanani da kalangu, domin kalangu magana yake yi. Makaɗin yana matse tsirkiyar a hammata yana sassautawa, sautin ya hau ya sauka kamar harshen mutum. Abin da kai ka ji a matsayin kiɗa mai armashi, wataƙila taken wani ne, ko kirarin wata sana'a, ko ma habaici. Gyaran mai sauƙi ne. Duk abin da ya buga, ka tambaye shi: "Baba, wannan me yake cewa? Na wane ne?" Zai gaya maka, kuma sau da yawa shi zai kawo wanda ya fi dacewa. Idan kana so ka karya al'adar da gangan don wata manufa, kana da dama, amma ka san abin da kake karyawa.

Sai lokacin kiran makaɗi. Wasu sai ana saura kwana biyu a nuna fim suke tuna shi. Wasu kuma su kira shi da wuri, ya haddace fim ɗin, daga baya mai tace hoto ya yanke daƙiƙa goma a tsakiya ba wanda ya sanar da shi, duk abin da ya biyo baya ya goce. A ba shi labarin tun ana rubutu don ya fara saƙa a ransa, amma kada a ɗora kiɗa a kan hoto sai an rufe tacewa, ba ƙari ba ragi.

Yadda ake yi masa bayani ma akwai gyara. Makaɗanmu na gargajiya da kunne da ido suke aiki, ba da takarda ba. "Ka shigo a minti na uku da daƙiƙa sha biyu" ba zai amfane shi da komai ba. Ku zauna tare ku kalli fim ɗin ba kiɗa, sau biyu ko uku, kana ba shi alama daga cikin hoton: idan ta ajiye tulun ka shigo a hankali, idan ya ɗaga labule ka tsaya cak. Masu wannan sana'a a Amurka sun daɗe da dabarar zana layi da ke ratsa allo daga hagu zuwa dama, idan ya kai ƙarshe wani farin ɗigo ya haska, nan ne wurin shiga. Duk wanda ya iya tace hoto a kwamfuta zai iya yin irinsa a kwafin makaɗa. Ƙarar ƙidaya da ake sa wa makaɗi a kunne kuwa tana taimakon mai fiyano, amma tana iya ɗaure mai goge har kiɗansa ya rasa rai. A gwada, idan ba ta karɓe shi ba a cire.

Makaɗin biki an horar da shi kada fili ya yi sanyi. Shiru a wurinsa gazawa ce. A fim kuwa shiru ɓangare ne na kiɗan, kuma wannan ne abu mafi wuyar fahimtar da shi, don haka a faɗa masa tun farko cewa hannun da ya ɗage shi ma aiki ne, ba raini ba ne. Fim mai minti goma sha biyu bai buƙatar kiɗan minti goma sha biyu. Idan an yi kiɗa tun daga farko ba tsayawa, lokacin da aka zo wurin da ake so zuciya ta karye kunne ya riga ya gaji. Haka nan wurin magana. Goge da kukuma da algaita suna zaune ne daidai inda muryar mutum take, shi ya sa suke haɗiye kalmomi ko da an rage musu ƙarfi. Idan 'yan wasa na magana, ko dai a yi shiru, ko a bar wa abu mai kauri kamar gurmi a hankali, goge ya jira a rufe baki ya amsa, yadda 'yan amshi ke yi.

Haɗa fiyano da kayan gargajiya yana da tarko. Fiyano a tsaye sautinsa yake, goge kuwa mai shi ne ke ɗaure izgar daidai da muryarsa. Ya fi sauƙi mai fiyano ya bi mai goge, tun da na'urarsa tana da wurin ɗagawa da saukewa. Kuma fata tana bin yanayi: da hunturu ta ɗaure sauti ya hau, da damina ta saki. Abin da aka daidaita da rana a ɗakin gwaji ba shi za a tarar da dare a fili ba. A kai kayan wurin da wuri su sha iskar wurin, a sake daidaitawa dab da farawa.

Ranar nunawa, kurakuran na kayan aiki ne kuma ana iya kauce musu duka. A fitar da kwafin da ke da magana da sauran sautuka amma babu kiɗa. An sha zuwa da kwafin da kiɗan gwaji ke manne a ciki. Makaɗa su sami ƙaramin allo a gabansu, kada su riƙa murɗa wuya. Su sami lasifikarsu kusa, domin sauti mita 343 yake ci a daƙiƙa: wanda ke jin magana daga lasifikar da ke nesa da mita 34 yana jin ta a makare da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, fiye da hoto biyu ke nan a fim mai hoto 24 a daƙiƙa. Janareta a kai shi nesa. Kowane abin kiɗa da makirfonsa, kuma a ɗauki kiɗan daren a kan kilohaz 48, wanda shi ne ma'aunin sautin fim, don a iya ɗora shi a kan hoton daga baya.

Maganar haƙƙi ita ake bari sai an ɓata. "Sabon kiɗa" yana nufin sabo. Idan makaɗin ya zame ya shiga wani sanannen kiɗan Shata ko na Ɗan Maraya Jos, ba naka ba ne kuma ba nasa ba ne. A dokar Najeriya haƙƙin kiɗa yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai shi, Shata kuwa a 1999 ya rasu, Ɗan Maraya a 2015. Bukukuwan finafinai suna neman tabbacin cewa kana da izinin duk kiɗan da ke fim ɗinka, YouTube ma yana iya toshe shi. Tsakaninka da makaɗinka kuma, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ba ta amince da miƙa haƙƙi da baki ba, sai a rubuce. Ku rubuta da Hausa, a karanta masa a gaban shaidu: nawa ne kuɗin gwaji, nawa ne na daren, ina da ina za a nuna fim ɗin, ko yana da damar buga kiɗan a wani wuri. Kada a ce masa ya dogara da liƙi, domin mai kallon fim a zaune yake cikin duhu, ba zai taso ya yi liƙi ba. Sunansa da na yaransa, har da mai riƙe kurya a gefe, su fito a jerin sunayen ƙarshen fim, kowa da abin da ya kaɗa.