Babi na Bakwai: Zaɓen Fenti Ruwan Toka da Launuka Masu Sanyi

Darasi na 1: Launukan da muke nufi

Launi mai sanyi shi ne wanda ba ya ɗaukar ido: fari, ruwan madara, ruwan ƙasa mai haske, da ruwan toka. Ruwan toka ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai ɗan shuɗi a cikinsa, akwai mai ɗan kore, akwai kuma mai ɗan ruwan ƙasa. A takardar launuka da ke shagon mai sayar da fenti, da wuya ku ga wannan bambanci. Ku ɗora farar takarda kusa da launin. Nan take ɓoyayyen launin zai fito.

Kafin ku tafi kasuwa, ku dubi abin da ba za ku canza ba a ɗakin: tayil, ƙofa, kujeru, labule. Idan tayil ɗinku ruwan ƙasa ne, ku nemi ruwan toka mai ɗan ruwan ƙasa. Mai shuɗi ba zai dace da shi ba.

Darasi na 2: Gwaji a bango

Wannan darasi shi ne ya fi ba ɗalibai wahala, don haka za mu bi shi a hankali. Kada ku damu idan sai kun karanta sau biyu.

Kada ku sayi babban bokiti tukuna. Ku sayi mafi ƙanƙantar gwangwani, ko ku roƙi mai shago ya ɗibar muku kaɗan.

1. Ku gauraya fentin da sanda har ƙasa, domin launi yakan kwanta a gindin gwangwani.
2. Ku shafa a bangon ɗakin, faɗin kamu ɗaya, tsawon kamu ɗaya. Kamu shi ne daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsu.
3. Ku shafa a wuri biyu: bangon da ke fuskantar taga, da bangon da tagar take jikinsa.
4. Ku jira awa 4, ku sake shafawa a kai.
5. Ku bar shi ya kwana ya bushe.

Me ya sa za a jira? Domin ɗanyen fenti daban yake da busasshe. Abin da kuka gani yana jiƙe ba shi za ku zauna da shi ba. Ku bar shi ya bushe.

Washegari ku dube shi sau uku: da hantsi, da la'asar, da kuma dare bayan an kunna fitila. Ɗakin da tagarsa ke gabas yana da haske da safe, ya dushe da yamma. Wanda tagarsa ke yamma kuwa yakan sami jan haske da la'asar. Ƙwan lantarki mai farin haske yana ƙara fito da shuɗin ruwan toka, mai rawayan haske kuma yakan sa ya yi kamar ya yi dauɗa. Ku gwada da ƙwan da kuke amfani da shi kullum.

Mu maimaita. Shafa, jira, sake shafawa, bari ya kwana, duba sau uku. Idan launin bai yi muku ba, ba ku yi laifi ba, amfanin gwajin ke nan. Ku ɗauko wani, ku sake daga mataki na 1.

Amma fa a nan ake yin gardama. Mutum ya ga hoto a waya, ya nuna wa mai shago, ya sayo bokiti uku a ranar. Hoton waya ba bangonku ba ne! Fentin da aka haɗa muku ba a mayar da shi. An faɗa, an sake faɗa, duk da haka sai a ce ai babu lokaci. Kwana ɗaya ne fa. Wanda ya tsallake gwaji kada ya ɗora wa mai fenti laifi.

Darasi na 3: Nawa za a saya

Galan yana ɗauke da lita 4, babban bokiti lita 20. Lita ɗaya ta fentin ruwa tana rufe kusan murabba'in mita 10 a shafi ɗaya. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo, 12 faɗi, 10 tsayi, bangonsa kusan murabba'in mita 40 ne bayan an cire ƙofa da taga. Shafi biyu zai ci lita 8, wato galan biyu. Sabon bango ya fi sha, ku ƙara galan ɗaya.

Ku saya duka lokaci guda. In galan ya fi ɗaya, ku juye su a mazubi guda ku gauraya, don kada bango ya fito kala biyu. Kada a cika ruwa, ku bi abin da aka rubuta a jikin bokiti. Kun dai yi gwajin kafin wannan saye, ko?

Darasi na 4: Bango da ƙura

Sabuwar filasta a bar ta mako 4 ta bushe. Bango mai danshi yana ɓare fenti. Fari tas yana saurin nuna ƙurar hunturu, musamman a zaure da bangon waje. A nan ruwan ƙasa ya fi.

Darasi na 5: Silin

A yi masa fari. Ƙaramin ɗaki kuma kada a sa masa ruwan toka mai duhu.