Yadda ake zama da mai ciwon sikizofiriniya a gida ba tare da an motsa masa ciwon ba

Sau biyu muna mayar da ƙanina mai sikizofiriniya, wani nau'in ciwon taɓin hankali, asibitin Shika da ke Zariya a shekara ɗaya, alhali maganin nan yana sha, ni da hannuna nake ɓalle masa ƙwayar. A zuwa na biyu ne wata nas ta tambayi Hajiyarmu, wai in ya kai sha ɗaya na safe yana barci me kuke ce masa? Hajiya ta yi shiru. Mu dai mun san abin da ake faɗa, tashi malalaci, sa'o'inka tuni suna kasuwar Sabon Gari.

Ashe an daɗe da gano cewa irin wannan faɗan na gida yana dawo da ciwon. Tun 1958 wani mai bincike a Landan, George Brown, ya lura cewa masu ciwon da aka sallama daga asibiti suka koma wurin iyaye ko mata sun fi saurin komawa asibiti a kan waɗanda suka kama haya ko suka zauna da 'yan'uwa. A 1976 wasu masu bincike, Vaughn da Leff, suka haɗa lissafi, gidan da ake yawan faɗa da takura kashi 51 cikin ɗari ciwonsu ya dawo cikin wata 9, gidan da ake lallaɓawa kashi 13 kacal. Ba wai gida ne ya jawo ciwon ba fa, kar wata uwa ta ɗora wa kanta, amma zafin gida yana tayar da shi.

Da farko dai ku yi sati guda kuna sauraron bakinku. Duk wata "kai kullum", "ba ka taɓa", gori a kan kuɗin magani, har tsaki da harara, ku ƙirga. Yawan kwanciya da ƙin wanka da rashin son magana duk cikin ciwon suke, wani lokacin ma maganin ne ke kashe masa jiki, ba iskanci ba ne.

Sai ku sauya yadda kuke sa shi abu. Magana ɗaya, gajera, murya ƙasa. "Ga ruwa can na kai maka bayi, in ka fito mu karya." Shi ke nan, ki wuce, kar ki tsaya a kansa kina jira. In ya yi a ce madalla, in bai yi ba a bari sai anjima. Ranar da ya ce maƙwabta na saurarensa ta bango kar a tsaya musu, kar kuma a ce haka ne, a ce ni ban ji ba amma na ga abin ya tsorata ka.

Wanda ya fi ba mu wuya shi ne na uku, wato daina kulawar da ta wuce kima, don kama take da ƙauna. Hajiya ba ta barinsa ko masallacin ƙofar gida shi kaɗai, tana leƙa ɗakinsa sau goma, tana kuka a gabansa tana cewa ta daina zuwa biki da suna saboda shi, kuma wallahi binciken ya sa irin wannan rawar jiki a layi ɗaya da faɗan, don shi mai ciwon ji yake an shaƙe shi ga kuma nauyin hawayen uwa a kansa. Ku bar shi ya yi abin da zai iya, ko sayo kayan miya ne.

Sannan a rage zaman ido da ido. Sun gano in ya wuce awa 35 a sati tare da mai yawan faɗan, abin ya fi muni. Mu shagon ɗinkin kawunmu a Tudun Wada muka samar masa, yana goge kaya daga goma zuwa azahar, Hajiya ita ma ta koma islamiyya. Ranar suna ko biki a ware masa soro, hayaniyar tsakar gida ba ta yi masa.

Magani kuma ba fashi, ko ya ji sauƙi. Addu'a da ruƙiyya ba sa hana shan ƙwaya, in shan kullum ya zama rigima ku tambayi likita batun allurar wata-wata. Wiwi kam a nisanta shi da masu shanta.

Ku riƙe alamunsa. Namu in ya kwana biyu bai runtsa ba, ya fara toshe taga da tsumma, ba ma jiran ranar kilinik, washegari da sassafe muke tarar mota zuwa Shika da katinsa a aljihu.