Yadda Ake Zaɓen Motar Hawa a Arewacin Kamaru: Suna, Ƙarko da Abin da Aljihu Zai Ɗauka

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar direbobi a Garwa ko Marwa ya san cewa da zarar an ɗauko zancen sayen mota, kafin mai tambaya ya rufe baki an riga an ba shi amsa, wato ya sayi Toyota ya huta. Wannan amsa tana da tushe. Kamfanin ya fara ƙera Corolla a 1966, kuma zuwa 2021 ya sayar da sama da miliyan 50, shi ya sa kayan gyaranta suke ko'ina. A ƙetaren kogin Logon, mutanen Chadi ba su manta da 1987 ba, shekarar da sojojinsu suka kori dakarun Libiya daga Fada da Wadi Dum a kan Hilux da Land Cruiser, har yaƙin ya ci sunan kamfanin. Kafin nan iyayenmu sun riƙe Peugeot 504 da irin wannan amana, musamman bayan da aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, har ya zama kowane makanike ya san cikinta kamar yunwar cikinsa. Yau 504 ta yi ƙaranci a kan hanya, kuma wannan ya isa ya nuna cewa amanar mutane tana bin motar da ake iya gyarawa ne, idan gyara ya koma wani gida ita ma sai ta bi shi.

Abu na farko da mai neman mota zai yi, tun kafin ya kira dillali, shi ne ya faɗa wa kansa gaskiya game da hanyar da zai riƙa bi. Wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce gida, kasuwa da makarantar yara a cikin Garwa ba, ƙaramar mota mai injin lita 1.3 zuwa 1.6 ta ishe shi, kuma sayen babbar jif saboda mutane su gani ɗaukar wa kai kaya ne. Wanda yake hawa da sauka tsakanin Garwa da Ngaundare, tafiyar kusan kilomita 280 mai doguwar hawa bayan Mbe, yana buƙatar birki mai kyau da injin da ba ya zafi. Wanda kuma yake bin Mora zuwa Kusiri, ko yake shiga ƙauyuka da damina, tsayin mota daga ƙasa da ƙarfin ƙafafunta sun fi masa duk wani ƙyale-ƙyale da ke cikinta.

Daga nan sai batun jadawalin ƙarko, waɗanda yanzu samari suke nuna wa juna a waya suna kafa hujja da su. Suna da amfani, amma sai mutum ya san abin da kowanne yake aunawa. Consumer Reports ta Amurka tana tambayar mambobinta ne matsalolin da motocinsu suka ba su a cikin shekara guda. J.D. Power kuma, a bincikenta na ƙarko, tana ƙidaya matsaloli a cikin kowace mota 100 da ta shekara 3 a hannun mai ita, kuma ƙorafin haɗa waya da rediyon mota yana shiga lissafin kamar yadda matsalar inji take shiga. A Jamus akwai rahoton TÜV, wanda ake haɗawa daga sakamakon duba lafiyar motoci na dole, da kuma ƙididdigar ADAC, ƙungiyar masu motoci ta ƙasar, ta motocin da suka mutu a hanya, inda batir ya daɗe yana kan gaba wajen jawo tsayawa. A ganina rahoton TÜV ya fi kusa da buƙatarmu, domin yana bin mota har ta wuce shekara 10, kuma yawancin motocin da ake saukewa a Duwala daga Turai suke zuwa da irin waɗannan shekaru.

Sai dai babu ɗaya daga cikin waɗannan jadawali da aka yi shi a kan zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, ko ƙurar hunturu, ko man da ake sayarwa a kwalba. A jerin da Consumer Reports ta fitar a ƙarshen 2024, Subaru ce ta zo ta ɗaya, ta sha gaban Lexus da Toyota. Motar kirki ce babu shakka, amma wanda ya sayo ta ya kawo Marwa ya fara tambayar kansa inda zai samo kayan injinta da kuma wanda zai kwance shi. Saboda haka hanyar amfani da jadawali ita ce ka cire motocin da suka yi ƙaurin suna, ka ware uku ko huɗu da suka yi fice, sannan ka ɗauki sunayensu ka tafi garaji.

A garaji ne ake yanke hukunci na gaskiya. Ka je wurin makanikai biyu ko uku waɗanda ba su da alaƙa da mai sayarwa, ka tambayi kowanne sau nawa ya buɗe irin wannan inji, wane abu ne ya fi lalacewa a jikinsa, kuma kwana nawa mota take yi a ajiye kafin kaya su iso. Daga nan ka zaga wurin masu sayar da kayan gyara ka tambayi kuɗin abubuwan da babu makawa za ka saya: takalmin birki, shok, fulogi, famfon ruwa, famfon mai da kuloci. Idan mai shago ya miƙa hannu ya sauko da su daga kanta, alama ce mai kyau. Idan ya ce sai an aika Duwala ko an ƙetara Najeriya, to ka lissafa kwanakin da za ka yi kana hawa babur ɗin haya alhali motarka tana kan duwatsu.

A nan ne kuma ya kamata mai son kamfani ɗaya ya rage kafiya, domin a cikin gida guda akwai inji mai kyau akwai mai rauni. Injin 2AZ-FE mai lita 2.4, wanda ke cikin Camry ta 2007 zuwa 2009 da RAV4 ta wannan zamani, an san shi da shan baƙin mai, har kamfanin ya ƙara wa'adin garanti a Amurka saboda haka. Jakar iska ta kamfanin Takata, wadda zafi da laima suke lalatawa har ta fashe da gutsattsarin ƙarfe, ta shafi Toyota da Honda da Nissan da wasu da dama, kuma ita ta durƙusar da Takata a 2017. Kusan kowace mota tana da lamba mai haruffa da alƙaluma 17 a jikin gangarta, kuma da wannan lamba ana iya dubawa a intanet ko tana cikin waɗanda kamfani ya yi kira a dawo da su don gyara. Motocin dizal na Turai da aka ƙera daga wajen 2009 zuwa sama suna ɗauke da matatar hayaƙi a salansa, wadda take toshewa idan man ba mai tsabta ba ne ko kuma motar ba ta yin doguwar tafiya. Ga mai yawo cikin gari, ni injin fetur marar turbo nake ba da shawara, ko da wane tambari ne a goshin motar.

Lissafin mai shi ne abin da masu saye suka fi tsallakewa, alhali shi ne yake cin aljihu a hankali. A Fabrairun 2023 litar fetur a gidajen mai na Kamaru ta tashi daga sefa 630 zuwa 730, sannan a Fabrairun 2024 ta kai 840. Zuwa-zuwa, wato man da ake ƙetarowa da shi daga Najeriya, da muka daɗe muna dogaro da shi ya daina zama mafaka kamar da, tun bayan da Najeriya ta cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023. Mu ɗauka mutum yana yin kilomita 1,000 a wata, yana sayen lita a kan sefa 840. Motar da ke shan lita 7 a kilomita 100 za ta ci masa sefa 58,800, mai shan lita 11 kuma 92,400, bambancin da ya haura sefa 400,000 a shekara. Sauƙin da aka yi maka a wurin ciniki yana iya ƙarewa a bakin famfo kafin shekara biyu. Ka haɗa da inshora, da taya, da juyen baƙin mai, sannan ka tuna da ranar da za ka sayar, domin a nan ne farin jinin Toyota yake biyan mai ita: ana sayenta da tsada, amma ba ta kwantai.

Idan an zo kan motar kanta, gani ya kori ji. Ka nemi a nuna maka ita da sassafe, kafin kowa ya tayar da ita, kuma ka fara ɗora tafin hannunka a kan bonet. Na taɓa raka wani ɗan'uwana duba wata mota da ta sha wanki da gogi, muka isa da hantsi muka tarar injin da ɗumi, dillali yana cewa ya ɗan zaga da ita ne don ta warware. Makaniken da muka tafi da shi bai ce uffan ba. Ya kwance murfin baƙin mai ya juya shi, sai ga wani farin kumfa kamar kindirmo ya daskare a ciki. Ya jira injin ya huce, ya buɗe lagireto, ruwan ciki ja-ja-wur da tsatsa, da aka tayar kuma sai ƙananan kumfa suka riƙa tasowa ba ƙaƙƙautawa. Ya ce gasket ya ƙone, ruwa da mai sun fara haɗuwa. Motar tana ɗauke da sunan da kowa yake yabo, amma wanda ya riƙe ta ya shekara da shekaru yana ɗura mata ruwan rijiya.

Bayan wannan ka tsaya a bayanta a tayar kana kallon salansa: shuɗin hayaƙi yana nuna injin yana ƙona baƙin mai, farin da ya ƙi ɗaukewa kuma ruwa ne. Ka sa a ɗaga ta ko ka shiga rami da tocila, domin gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara yana cin ƙasan mota alhali samanta yana sheƙi. Kada ka gaskata kilomitan da agogo ya nuna sai ka gwada shi da sitiyari, da robar birki, da kujerar direba, tunda ana mayar da agogo baya amma suɗewar waɗannan ba ta ɓoyuwa. A gefen kowace taya akwai alƙaluma huɗu da ke nuna mako da shekarar ƙira, misali 2319 yana nufin mako na 23 a 2019, kuma tsohuwar taya ko da zanenta bai goge ba tana iya fashewa a kwaltar Figil da tsakar rana. A jona na'urar binciken kwamfuta a karanta laifuffukan da motar ta adana, sannan ka tuƙa ta da kanka aƙalla rabin sa'a da na'urar sanyi a kunne, ka bi ta gargada, ka taka birki da ƙarfi, idonka yana kan allurar zafi.

Takardu ba sa buƙatar dogon bayani. Lambar da ke jikin mota ta zo daidai da ta kat giriz, wato takardar rajistar mota, harafi da harafi, takardar duwan, wato kwastan, ta zama ta gaskiya, a rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu, kuma ka mayar da motar sunanka ba tare da jinkiri ba. Mai ƙetarawa Njamena ya tambayi kamfanin inshorarsa katin inshora na ƙasashen CEMAC, wato ƙungiyar ƙasashen tsakiyar Afirka, tun kafin ya isa gadar Ngeli.

Kada ka ƙarar da kuɗinka kaf a wurin saye, ka bar wani abu na gyaran farko. A makon da motar ta shigo hannunka a juye baƙin mai, a canza matatar mai da ta iska, a wanke lagireto a zuba ruwan sanyaya inji na ainihi. Idan injin mai bel ne kuma babu shaidar ranar da aka canza shi, a canza shi tare da famfon ruwa, domin a injuna da yawa tsinkewarsa tana lanƙwasa bawul. Wasu makanikai suna cire abin daidaita zafin ruwa da sunan ƙasarmu ta zafi ce, ni kuwa ina roƙon kada ka yarda, saboda injin da ba ya kaiwa zafin aikinsa yana ƙara shan mai kuma yana saurin suɗewa. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ƙura take rufe gari, ka riƙa ciro matatar iska duk bayan mako biyu kana dubawa, kuma ka ajiye ɗan littafi a cikin mota inda za ka rubuta rana da kilomitan kowane gyara.