Yadda za ka taimaki yaro ya rubuta dayari a lokacin yaƙi

Yaron da yake kwana yana jin ƙarar bindiga akwai maganganu cike da cikinsa, amma ba zai faɗa ba don yana ganin manyan ma a tsorace suke. Takarda kuwa ba ta yi masa tsawa, ba ta cewa yi shiru. Shi ya sa nake ganin duk mai yaro a irin wannan hali ya kamata ya gwada sa shi rubuta dayari, wato littafin da zai riƙa rubuta abin da ya faru da shi kullum.

Da farko ka samo masa ɗan ƙaramin littafi wanda zai shiga aljihu, da fensir. Fensir fa, ba biro ba, biro yana ƙarewa kuma in ruwa ya taɓa takardar rubutun ya dame, waya kuma ga matsalar caji ga shi ana iya ƙwace ta a shingen bincike.

Sai ka koya masa sa kwanan wata a saman kowane shafi, ko da layi ɗaya zai rubuta. Tanya Savicheva tana da shekara 11 lokacin da sojojin Jamus suka yi wa birnin Leningrad na Tarayyar Soviet ƙawanya a 1941, shafi tara kacal ta rubuta, yawancinsu sunan wanda ya rasu a gidansu ne da ranar da ya rasu, kuma har yau mutane na karantawa suna hawaye.

In ya ce bai san me zai rubuta ba, ka ce ya raɗa wa littafin suna ya riƙa yi masa magana kamar aboki. Anne Frank, yarinya Bayahudiya da suka ɓuya wa 'yan Nazi a Amsterdam, Kitty take rubuta wa, Zlata Filipović, yarinyar da ke Sarajevo lokacin yaƙin Bosniya, ta kira nata Mimmy. Daga nan ka bar shi da ƙananan abubuwa, me aka ci yau, sau nawa aka ɗebo ruwa, wane aboki ne aka daina gani, yadda ƙanwarsa take toshe kunne da yatsu in jirgi ya wuce. In zane ya fi masa sauƙi ya zana. Labarin wa ya ci wane gari ana samu a rediyo, abin da idonsa ya gani ne babu mai shi sai shi.

Nan kuma a kula sosai, kar ya rubuta ainihin sunayen mutane ko inda ake ɓuya ko inda ya ga masu makami, ya sauya sunaye. Malala ma da take rubuta wa sashen Urdu na BBC a 2009 da sunan Gul Makai ta yi.

Abin da ya fi wa iyaye wuya shi ne haƙuri. Don Allah kar ka leƙa, kar ka gyara masa rubutu, kar ka ce haba ai ba haka aka yi ba, ranar da ya gane ana karantawa daga ranar zai fara rubuta abin da kake so ka ji. Miep Gies, matar da ta taimaka wa su Anne Frank a maɓoyarsu, da ta tattara takardun Anne bayan an kama su a watan Agustan 1944, a durowa ta ajiye ba ta karanta ba har ta damƙa wa mahaifin Anne a 1945.

Ka sa littafin a leda, a cikin jakar da za a fara ɗauka in gudu ya kama. In kuma ka lura rubutun yana ƙara masa firgita cikin dare ko ya daina cin abinci, to a ajiye fensirin tukuna, ka zauna kusa da shi, in akwai ma'aikacin lafiya ku je ya gan shi.