Windows 98 da Windows XP a kwamfuta ɗaya: kurakuran da aka fi yi

Har yanzu akwai masu buƙatar Windows 98 da XP a kwamfuta guda. Wani tsohuwar manhajar DOS ce ke juya masa injin aiki, wani kuma sikana gare shi da ba ta da direba (manhajar da ke haɗa na'ura da Windows) sai ta 98. Haɗa su ba wuya, amma yawancin matsalar daga ɓangaren C take tasowa, wato yanki na farko na rumbun ajiya (hard disk) idan aka raba shi zuwa C da D. Ko a D aka girka XP, fayilolin da ke tayar da ita, wato NTLDR da NTDETECT.COM da boot.ini, a C suke zama.

Babban kuskure shi ne girka XP kafin 98. Ita 98 ba ta san da wata XP ba, ta riga ta fitowa da shekara uku, don haka tana shiga sai ta rubuta nata a sashen farko na C, inda kwamfuta ke duba wanda za ta tayar. Ka kunna, ba zaɓi, sai 98 kawai. XP ba ta ɓata ba, hanyar zuwa wurinta ce aka toshe. Idan 98 aka fara girkawa, XP da kanta take kwafe wancan sashen zuwa fayil mai suna BOOTSECT.DOS ta kuma shirya jerin zaɓi.

Wanda ya riga ya yi kuskuren ba sai ya goge komai ba. Ya sake kunna 98 a yanayin MS-DOS, ya buga debug, sannan ya shigar da waɗannan ɗaya bayan ɗaya: L 100 2 0 1, sai N C:\BOOTSECT.DOS, sai R BX ya ba shi 0, sai R CX ya ba shi 200, sai W, sai Q. Lamba 2 ɗin nan C take nufi, 200 kuwa a ƙidayar sha shida (hexadecimal) take, wato bayit 512. Daga nan ya tayar da kwamfutar da faifan XP, ya danna R, ya buga fixboot C:. Bayan XP ta tashi, ya ƙara layin C:\="Windows 98" a ƙarshen boot.ini. A kula da jerin: wanda ya yi fixboot kafin ya ajiye BOOTSECT.DOS ya dawo da XP ne ya rasa 98.

Sai batun NTFS da FAT32, wato tsarin jera fayiloli a ɓangare. Lokacin girka XP, takan yi tayin mayar da ɓangare zuwa NTFS, mutane kuma su amsa ba su duba wane ɓangare ba ne. Windows 98 ba ta karanta NTFS ko kaɗan. Dole C ya zauna a FAT32. D na iya zama NTFS, kuma ya fi wa XP kyau, sai dai 98 ba za ta gan shi ba; fayilolin da ake so duka biyun su taɓa, a yi musu ɓangare na uku a FAT32. XP ba ta yarda ta yi fomatin FAT32 da ya wuce gigabayit 32, ko da yake tana karanta wanda ya fi haka.

Kada a zuba 98 da XP a ɓangare ɗaya. Za su yi tarayya a Program Files, kowacce ta danne fayilolin Internet Explorer da Outlook Express na 'yar'uwarta, kuma wannan ba shi da gyara mai tsafta sai sake girki.

RAM (ma'adanar aiki ta kwamfuta) mai yawa ma na kayar da 98, abin da ke ba mutane mamaki, domin saƙon da take nunawa cewa yake ma'adana ba ta isa ba. Da zarar an wuce megabayit 512, ma'ajinta na wucin gadi yakan cinye adireshin da sauran tsarin ke buƙata. Mafita: a rage RAM zuwa 512 lokacin girki, a buɗe system.ini, a ƙarƙashin sashen vcache a rubuta MaxFileCache=524288, a sashen 386Enh kuma MaxPhysPage=20000, sannan a mayar da sauran RAM ɗin. Hakan ya taƙaita 98 a 512, XP kuwa za ta mori duka tunda ba ruwanta da wannan fayil.

Wanda ya fi haɗari shi ne babban rumbun ajiya. Direban 98 ba ya iya ƙirga abin da ya haura gigabayit 137, kuma ba zai gargaɗe ka ba, rubutu zai yi a inda bai dace ba ya lalata bayanai. Rumbu mai gigabayit 80 ko 120 ya fi kwanciyar hankali. XP ma sai daga SP1, kunshin gyaranta na farko, ta iya da manya. FDISK na 98, manhajar raba rumbu, kuma yana nuna girman ƙarya a rumbun da ya wuce gigabayit 64.

In allon ya yi shuɗi da lambar 0x0000007B yayin girka XP, a shiga BIOS, wato saitin da ake buɗewa da zarar an kunna kwamfuta, a sauya SATA (mahaɗar rumbu) daga AHCI zuwa IDE. Hakan ya dace da 98 ma.

Idan kuma aka ƙara ko aka cire ɓangare daga baya, XP na iya cewa hal.dll ya ɓace. Galibi yana nan, lambar ɓangaren da ke boot.ini ce ta daina daidai. A gyara ta da hannu, ana tuna cewa ƙidayar ɓangare daga 1 take farawa, ta rumbu daga 0, ko a buga bootcfg /rebuild daga faifan XP.

Microsoft ta daina tallafa wa 98 a Yulin 2006, XP kuma a Afrilun 2014. Kwamfutar nan kada a jona ta da intanet. A sauko da direbobi a wata kwamfutar, a bincika su, sannan a kawo a faifai.