Yadda Ake Haɗa Wasan Mirgina Ƙwallo Na Kan Tebur

Wasan nan da ake kira Skee-Ball ba na yau ba ne. Wani Ba'amurke mai suna Joseph Fourestier Simpson ne ya yi masa rajista a 1908. Ana mirgina ƙwallo a kan doguwar hanya, ya hau ɗan tudu, ya yi tsalle ya faɗa cikin zobe mai maki. Na gidajen wasa dogo ne sosai, namu kuwa a kan tebur zai zauna.

Ka leƙa wajen 'yan katako a Sabon Gari, ko shagon kafintan unguwarku, ka nemi ragowar filawud mai tsawon santimita 90 da faɗin 30, da wani guntu mai 30 ta kowane gefe, da sirāran katako biyu na shinge. Ka haɗa da gam, ƙananan kusoshi, samfefa, kwali mai kauri, da guntayen bututun roba na masu gyaran famfo, manya da ƙanana.

Da farko ka goge falankin da samfefa har sai tafin hannunka ya daina jin kaushi, sannan ka buga shingen hagu da dama.

Tudun shi ne uwa uba. Daga inda mai wasa zai tsaya ka auna santimita 60, ka sa ɗan katako mai tsayin santimita 5 a gicciye, ka lanƙwasa kwalin ya taso daga falankin a hankali har ya hau kansa. Kada ka sa gam tukuna! Riƙe shi da salatif ka yi ta gwadawa. In ya yi tsaye da yawa, ƙwallon zai buga ya dawo maka. In ya kwanta, zai wuce ba tsalle. Ni sai da na ɓata kwali uku, saboda gaggawar manne na farko.

Daga nan ka jingina guntun filawud ɗin a ƙarshen hanya, a karkace, ka tokare shi ta baya. Ka yanka bututun zobe-zobe, zurfin yatsa biyu, ka manna a kan guntun. Babban zobe na ƙasa maki 10, ana hawa 20, 30, 40 har 50, ƙananan kusurwoyin sama kuma 100, yadda yake a na gidajen wasa.

Ƙwallon tanis na tebur bai da nauyi, tashi yake yi ya bi tsakar gida. Ƙwallon gilashi ya fi, ko na cikin babban boris in kana da aboki makanike. Amma a ɓoye su daga yaran da ke kai komai baki.

Kowa jifa tara. Da hunturu a riƙa share ƙura kafin a fara, don tana rage wa ƙwallon gudu. Da damina kuma kada a bar shi a zaure inda feshi ke shiga, kwalin tudun ne zai fara laushi.